Toron giwa mai launi kala-kala



Yau hirarmu kan wani littafin yara ne mai hotuna, Elmer, wanda Baturen Ingila David McKee ya fitar a 1968. Labarin wani toron giwa ne mai jiki kala-kala kamar rigar faci, alhali 'yan'uwansa duk ruwan toka ne. Da ya gaji da zama daban, sai ya yi birgima cikin wasu 'ya'yan itace har ya koma kalarsu. Ya dawo garke, ba wanda ya gane shi, kowa ya yi tsit, raha ta ƙare. Sai da ya yi musu ihu, ruwan sama ya wanke shi, sannan dariya ta dawo.

To makiyayi, da me kake gane kowace saniyarka in ba da launinta ba? Amma ɗanka ya je makaranta, a yi wa Hausarsa dariya, ya dawo yana jin kunyar Fulatanci, wani ma ya daina zuwa. Zaunar da shi ka ba shi labarin nan. Kai kuma ɗan kasuwa, ja kunnen yaronka kada ya zama mai dariyar.

Sai shiri na gaba.