Kujerar Mazaunin Unguwa a Wurin Rabon Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Misalin Birnin Kano



Maganata a kan yadda mazauna birni za su sa hannu a sha'anin ƙaramar hukumarsu ce, kuma a kan Kano zan tsaya. Amma bari in fara kawar da wani zance da ake yawan maimaitawa a irin wannan zama, wai jama'armu ba su damu da unguwanninsu ba, sai an wayar musu da kai. Duk wanda ya zauna a Kurna ko Ɗorayi ko Rimin Kebe ya san ba haka abin yake ba. Kafin damina matasa ne ke fitowa gayya su yashe kwata. Magidanta ne ke haɗa kuɗi duk wata su biya 'yan sintiri. In taransifoma ta ƙone, gida gida ake bi ana karo-karo. Katangar maƙabarta da rijiyar burtsatse da benci a Islamiyya, yawancinsu gumin jama'a ne. Mutanen nan suna cikin aiki tsundum. Wurin da ba a ganinsu shi ne ɗakin da ake zama a raba kuɗi.

Dalili na farko na rashin ganinsu a can yana cikin tsarin birnin kansa. Kano ba ta da hukuma guda da za a ce ita ce ta birni. Daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, takwas ne suka raba birnin: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan Jakara kuwa bai san iyakar kowa ba. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da sanya wa tituna suna da rajistar haihuwa. A aikace, shara tana hannun REMASAB, tsara birni yana hannun KNUPDA, titi yana hannun KAROTA, dukkansu na jiha. Mutumin da bola ta toshe masa lungu bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ya je sakatariya a ce ba hurumin nan ba ne, ya je hukumar jiha a ce ya zo da takarda. Daga ƙarshe sai ya buga wa gidan rediyo waya, don ya ga a can ake jin kukansa da wuri.

Dalili na biyu tarihi ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. A zamanin En'e, talaka ya san hukuma sarai, don duk shekara tana zuwa ƙofar gidansa karɓar haraji da jangali, ta hannun mai unguwa da dagaci. Ta san shi a wajen karɓa, ba ta san shi a wajen shawara ba, kuma wannan na cikin abin da jam'iyyar NEPU ta tashi yaƙa tun 1950. Garambawul ɗin 1976 ya kawo ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk Najeriya, da kansiloli da kaso daga asusun tarayya. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Soke su adalci ne, ba ni da ja a kai, domin an sha ɗaure bayin Allah a kansu. Sai dai tun daga nan kuɗin ƙaramar hukuma ya zama abin da ke saukowa daga sama. Ciyaman ba ya buƙatar aljihun mazaunin unguwa kafin ya biya albashi, saboda haka ba ya buƙatar yardarsa. Shi ma mazaunin unguwa ya daina ganin kuɗin a matsayin nasa. "Kuɗin gwamnati" yake cewa, in an haƙa masa rijiya da su ya yi godiya kamar an yi masa kyauta.

An yi ta murna da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye maimakon ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, ya kuma haramta naɗa kantomomi. Hukunci ne mai kyau, ko da yake aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Tambayata ita ce: in kuɗi ya bar hannun gwamna ya faɗa hannun ciyaman, me ya canza ga mai shayi a Gwagwarwa? Za a ce ai akwai zaɓe. To, a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin ce ta lashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya a Kano, kuma kusan haka aka yi a sauran jihohi, ko wace jam'iyya ke riƙe da su. Wanda ya san daga ina kujerarsa ta zo, can zai riƙa kallo.

Ga abin da wasu suka gwada. A 1989 birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil, a ƙarƙashin magajin gari Olivio Dutra, ya fara bai wa mazauna damar yanke shawara a kan wani kaso na kuɗin ayyuka. An raba birnin shiyya 16. Kowace shekara jama'ar shiyya su taru, hukuma ta fara ba da bayanin abin da ta yi da kuɗin bara, sannan su jera buƙatunsu bisa muhimmanci, su zaɓi wakilan da za su bi maganar har cikin kasafi. Shiyyar da ta fi talauci da rashin ayyuka ita ke samun kaso mafi tsoka. Ruwan famfo da magudanar ƙazanta da kwalta suka shiga unguwannin da aka daɗe da mantawa da su, talakawa kuma suka riƙa cika taro, domin sun ga abin da suka zaɓa bara ya tabbata bana. Ban kawo misalin don in ce aljanna ce ba. Da mulki ya sauya hannu, ayyukan da aka amince da su suka yi ta taruwa ba a yi ba, a 2017 aka dakatar da tarukan. Abin da ya tsaya a kan niyyar shugaba, tafiyarsa ke rusa shi.

Mu ba daga tushe za mu fara ba. Akwai kwamitocin raya mazaɓu da ke lura da asibitocin sha-ka-tafi, akwai kwamitocin kula da makarantun firamare, maƙwabciyarmu Kaduna ma ta gwada tsarin da al'ummomi ke rubuta buƙatunsu su miƙa kafin a tsara kasafi. Raunin irin waɗannan shi ne ana tambayar mutane abin da suke so ba tare da an gaya musu nawa ake da shi ba. In ka ce wa unguwa ta faɗi buƙatunta, za ta kawo maka talatin, kai kuma ka zaɓi wadda ɗan kwangilarka ya iya. In ka ce mata ga miliyan kaza, ba ƙari, sai muhawarar gaskiya ta tashi: kwalbati ko ajin makaranta?

Saboda haka shawarata ita ce Majalisar Dokokin Jiha ta yi doka, ba sanarwar ciyaman ba, da za ta ware wani kaso na kuɗin ayyukan kowace ƙaramar hukuma ga mazaɓunta, ta wajabta taron mazaɓa sau biyu a shekara, ɗaya na zaɓen aiki, ɗaya na bin ba'asi. A liƙa adadin kuɗin da ya shigo duk wata a allon sakatariya, da Hausa, a kuma karanta a rediyo. Ba sirri ba ne, domin ana wallafa rabon asusun tarayya kowane wata, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana nan.

Na san za a ce 'yan siyasa za su cika taron da yaransu. Za su gwada. Maganinsa shi ne mai unguwa, wanda ya san ɗan unguwa ya san baƙo, ya tsaya a kan rajistar mahalarta. Masu unguwanni, ranku ya daɗe, aikinku ke nan, kira da shaida. Zaɓen aiki kuma a bar wa jama'a, kada a jefa rawani cikin rigimar kwangila. Mata kuwa, waɗanda su ke fama da rashin ruwa da layin asibiti, ba za su zo taron ƙofar masallaci bayan isha'i ba. A yi musu nasu da rana a Islamiyya, a ƙirga ƙuri'arsu daidai da ta maza.

Kansilolin da ke zauren nan, ba sai kun jira doka ba. Kafin a miƙa kasafin baɗi, kowannenku ya kira taron mazaɓarsa a filin firamare, ya karanta wa jama'a abin da ya shigo bana da inda aka kashe shi, ya bari a yi masa tambaya.