Hayaƙin da Yaro Bai Kunna Ba



Mun saba ganin ɗalibin da tari ke hana shi sauraron darasi, mu ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa hayaƙin tabar da babba ya kunna a ɗaki yaron ya kwana yana shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan hayaƙi yana kashe fiye da mutum miliyan ɗaya duk shekara, waɗanda ba mashaya ba.

Yanzu kuma ga sigarin lantarki a hannun matasa, wani kamar biro, mai ƙamshin 'ya'yan itace, suna cewa tururin ruwa ne kawai. Galibinsa yana ɗauke da nikotin, mai kama ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba, kuma na kusa ma shaƙa yake.

Dokar taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. To, mu fara da kanmu: kada mu aiki yaro sayen sigari, kada a kunna inda yake. Mu kai wannan magana taron iyaye da malamai, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.