Lakar Tafki da Tsofaffin Takardu: Wa Zai Biya Kuɗin Binciken Yanayin Da?

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, Tudun Wada, Zariya



Hazon da ke lulluɓe Tudun Wada duk hunturu, kaso mai tsoka daga cikinsa daga gindin wani mataccen tafki yake tasowa. Sunan wurin Bodele, a arewacin ƙasar Chadi, kuma farar ƙurar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta a ƙasa tun ruwan na nan. Wajen shekara 7,000 da suka wuce faɗin tafkin Chadi, wanda a lokacin ya haɗe har da Bodele, ya kai murabba'in kilomita 350,000, wato ya ninka jihar Kaduna sau bakwai. Tsohuwar gaɓarsa har yau tana nan, dogon tudun yashi ne da ya bi ta Bama da Maiduguri ya nufi Gashuwa. A 1963 abin da ya rage kusan 25,000 ne, a tsakiyar shekarun 1980 kuwa bai kai 2,000 ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita takwas da 'yan kai, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Kafin wannan zamanin ruwa kuma an yi na ƙishirwa: tun 1958 A. T. Grove ya rubuta cewa tuddan da ake noma gero da gyaɗa a kansu a arewacin ƙasar Hausa tsofaffin tulin yashin hamada ne da suka daina tafiya.

Ke nan ƙasar nan ta ga ruwan da ya fi na yau nesa ba kusa ba, ta kuma ga farin da na 1973 bai kama ƙafarsa ba. Ma'aunin ruwan sama kuwa a Kano ya fara aiki ne a farkon ƙarni na 20, a Samaru a shekarun 1920. Da wannan ɗan taƙaitaccen tarihi muke auna girman madatsun ruwa, da faɗin gadoji, da irin da za a ba manomi. Abin da nake son kafawa a gabanku shi ne: kuɗin binciken yanayin da ya shuɗe kuɗin tsare gobe ne, mafi arahar aikin yana nan cikin Zariya da Kaduna, kuma mu ya kamata mu biya.

Yadda ake jarraba manhajar hasashe

Manhajar hasashen yanayi lissafi ce tsagwaronta. Ana yanka sararin sama da teku gida-gida, a ɗora wa kowane gida dokokin zafi da iska da tururi, sannan kwamfuta ta yi ta juya lissafin shekara bayan shekara. A manhajojin da suka haɗe duniya duka, faɗin gida ɗaya kan kai kilomita 100, don haka Zariya da Kaduna suna iya faɗawa gida guda. Hadarin gabas da ke kawo mana mafi yawan ruwan damina ya yi wa wannan gida ƙanƙanta, sai dai a ƙiyasta shi. Daga nan saɓani ke shigowa. A tsakiyar shekarun 2000 manhajar wata cibiya da ke Princeton a Amurka ta nuna yankin Sahel zai bushe ƙwarai kafin ƙarshen wannan ƙarni, wata ta Japan kuma ta nuna zai jiƙe sharkaf. Dukansu biyu aikin ƙwararru ne. Manhajojin baya-bayan nan sun fi karkata ga ƙarin ruwa a tsakiyar Sahel da raguwarsa wajen Senegal, amma tazarar da ke tsakanin amsoshinsu har yanzu babba ce.

To, wacce za mu gaskata? Ba za mu zauna jiran shekarar 2100 ba. Malamin da ke son sanin ƙwazon ɗalibi yakan ba shi lissafin da shi malamin ya riga ya san amsarsa. Haka ake yi wa manhaja: a ba ta yanayin duniya na shekara 6,000 da suka wuce, a ga ko za ta fito da abin da laka da ƙasusuwa suka shaida. Dalilin ruwan wancan zamani sananne ne. Tafiyar duniya a kewayen rana tana sauyawa sannu a hankali cikin zagayen kusan shekara 21,000. Wajen shekara 9,000 baya hasken ranar da ke dukan arewacin duniya da damina ya ɗara na yau da kimanin kashi 7 cikin 100, ƙasa ta ƙara zafi, ta ƙara jawo iskar teku mai ɗauke da ruwa. John Kutzbach ya nuna haka da kwamfuta tun 1981. Daga farkon shekarun 1990 masana suka kafa shirin PMIP domin yi wa manhajojin duniya wannan jarrabawa tare.

Sakamakon bai yi daɗi ba, kuma an maimaita shi zagaye bayan zagaye. Yawancin manhajojin sukan tura damina arewa, amma su tsaya a hanya, ruwan da suke bayarwa bai isa ya raya ciyawa a tsakiyar Sahara ba. Alhali a Gobero ta Jamhuriyar Nijar an tono maƙabartar mutanen da suka rayu a bakin tafki, tare da ƙashin kifi da kada da dorina, a Dabous kuma ga zanen raƙuman dawa a jikin dutse. Sai an sa wa manhaja ciyayi da tafkuna da hannu, an rage mata ƙura, sannan take matsowa kusa da gaskiya. Ma'anar wannan gare mu ita ce, mai yiwuwa manhajojin suna raina yadda ƙasa da tsiro da ƙura ke ƙara wa damina ƙarfi ko su karya ta. Manhajar da ta kasa cika tafkin Chadi a zamanin da ya cika, dole mai gina madatsa a kan kogin Galma ya karɓi maganarta da taka-tsantsan.

Gajeren tarihi yana kuma sa a ɗora laifi inda bai dace ba. Shekarun 1950 sun yi ruwa fiye da ƙima, masu tsara ƙasa suka ɗauka haka abin yake. Da fari ya afko daga 1968 zuwa 1973, ya sake dawowa a 1983 da 1984, bayanin da ya fi karɓuwa shi ne na Jule Charney na 1975, cewa tsiraicin ƙasa ke korar hadari, daga nan yatsa ya koma kan makiyayi da mai saran itace. Sai a 1986, sannan a 2003 cikin aikin Alessandra Giannini da abokanta, aka nuna cewa sauyin zafin tekuna ne babban direban farin. Wanda ya san tarihin ƙasar nan bai yi mamaki ba, domin an yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914 lokacin da jama'a da dabbobi ba su kai rabin na yanzu ba.

Wa ya biya, wa ya riƙe

Abin da muka sani game da tsohon yanayin Arewa, kusan duka da kuɗin waje aka samo shi. Tonon Dufuna na 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranta, ƙarƙashin wani shiri da hukumar bincike ta Jamus ta ɗauki nauyinsa daga 1988 zuwa 2002, kuma a Jamus aka auna shekarun katakon. Daga wannan shirin ne Ulrich Salzmann ya karanta ƙurar furannin da ta kwanta a lakar tafkin Tila na ƙasar Biu. Masana daga Birtaniya ne suka zaƙulo tarihin fari da ƙura na shekara 5,500 daga Kajemarum a ƙasar Manga. Ku lura da tsawon shirin Jamusawa: kusan shekara goma sha biyar. Da suka zo aikin Nok a kudancin jihar nan a 2009, na shekara goma sha biyu suka tsara. Irin wannan bincike ba ya nuna a tallafin shekara biyu.

Wani nazari da rahoton IPCC na 2022 ya kawo ya gano cewa daga 1990 zuwa 2020 kashi 3.8 cikin 100 kacal na kuɗin binciken sauyin yanayi na duniya aka kashe kan Afirka. A cikin wannan ɗan abin, kashi 78 ya tafi cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka, kashi 14.5 ya iso cibiyoyin Afirka. Akwai abin ƙorafi a nan, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun 2006 ƙasashen Tarayyar Afirka suka yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinsu a kan bincike, Najeriya ba ta je kusa ba. Kuma ba rashin asusu ke damunmu ba. Akwai Asusun Muhalli tun 1981, akwai asusun bincike na ƙasa a hannun TETFund, dokar sauyin yanayi ta 2021 ta tanadi nata asusun, ga shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Dashen itace ana iya ɗaukar hotonsa a ranar, tulin laka a ɗakin sanyi kuwa ba wanda zai yanke masa kyalle. A ganina wannan ne asalin dalilin da aka bar shi a baya.

Wani zai ce, tunda an yi irin wannan bincike a Ghana da Chadi, mu ari nasu. Ba ya aruwa. Lakar tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi ta nuna fari mai tsawo daga wajen 1400 zuwa 1750. Amma aikin Jean Maley ya nuna tafkin Chadi a cike yake a ƙarni na 17. Zariya tana tsakanin su biyun. Wane hali kogunan Kubanni da Galma suke ciki a zamanin Sarauniya Amina? Manhaja tana bukatar shaidu wuri-wuri, in ba haka ba sai ta shafa wa Zazzau ruwan Asante.

Abin da ke hannunmu

Da ni za a tambaya inda za a sa naira ta farko, sai in ce takarda. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, tana da awon ruwa na kullum na kusan ƙarni guda, ga filin gwajin taki na DNPK da ake nomawa tun 1950. Daga irin waɗannan alƙaluma Kowal da Knabe suka fitar da taswirar yanayin noma ta jihohin Arewa a 1972. A Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa akwai rahotannin lardi na shekara-shekara da ke faɗin ranar saukar ruwa, da farashin dawa, da zuwan fara. Ga tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a garin nan a 1939. Takarda ba ta jure gara da yoyon rufi. Ɗaukar hotonta da shigar da lambobinta cikin kwamfuta aiki ne na ɗalibai da na'urar ɗaukar hoto da ɗan alawus, bai kai kuɗin motar ofis ɗaya ba.

Bayan na Boko sai na Larabci da ajami, kuma a nan ne muka fi kowa. Tarihin Kano ya ambaci yunwar shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618. Girgam na Barno da littattafan Tumbutu suna da irin wannan. A gidajen malamai na cikin birni akwai wasiƙu da bayanan gefen littafi da ba a taɓa karanta su da idon mai neman labarin damina ba. Sharon Nicholson ta gina tarihin ruwan Afirka na ƙarni na 19 daga rubuce-rubuce irin waɗannan, Michael Watts kuma ya tattara sunayen yunwa daga bakin dattawan Katsina, har da na yunwar 1927. Sai dai a yi hattara, ba kowace yunwa ce ta fari ba. Yaƙi yana kawo ta, fara tana kawo ta, haraji ma yana kawo ta. Shi ya sa aikin ke bukatar malamin Larabci da malamin tarihi da masanin yanayi a tabarma ɗaya, abin da tsarin tallafinmu mai raba kuɗi sashe-sashe bai saba da shi ba.

Laka ta fi tsada, kuma rashin tsaro ya rufe hanyar wurare da dama a Yobe da Barno. Duk da haka ba daga sifili za a fara ba. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, wanda ke iya tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da laka. A Afirka ta Kudu, Stephan Woodborne ya karanta ruwan shekara dubu daga jikin itacen kuka, mu kuwa kuka ba ta yi mana wuya. Abin da za a saya shi ne bututun zaƙulo laka, da ɗakin sanyi mai wutar rana, da kuɗin aika samfur gwajin kabon mai gano shekaru, da kuma albashin da zai riƙe wanda aka horar kada ya tafi. Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin gwajin kabon a Dakar tun shekarun 1960, a lokacin Senegal ba ta fi mu kuɗi ba.

Lokaci yana ƙurewa ta fuska biyu. Wani nazari na 2017 ya nuna manyan haduran Sahel masu ɓarna sun ninka sau uku tun 1982. Mun ga ambaliyar madatsar Bagauda a 1988, mun ga ta Alau a 1994, muka sake ganinta ranar 10 ga Satumba 2024. A ɗaya gefen, dattawan da suka yi noma a 1973 suna ta raguwa.

Don haka ina kira ga TETFund ta ware layin tallafi na shekara goma domin tarihin yanayin Arewa, da sharaɗin rabin kowane samfur ya zauna a gida, alƙaluman kuma a buɗe su ga kowa. Ina kira ga gwamnatin jihar Kaduna ta ɗauki nauyin ceto takardun Samaru da na Kaduna daga kasonta na Asusun Muhalli. Iyayenmu malamai masu taskar littattafai, muna roƙon ku ba ɗalibai izinin ɗaukar hoto a gabanku, littafi ba zai bar zaure ba. Ku kuma ɗalibai masu neman kan bincike, ku je ƙauyukan bakin Galma da rikoda kafin damina mai zuwa.