Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

 Gaisuwa ta musamman ga matan Gagarawa Tasha, da na Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, waɗanda ke sauraronmu daga cikin ɗaka. Yau zancenmu a kan rubutu ne, domin na san a cikinku akwai masu rubuta labari a littafin makaranta ko a waya bayan yara sun yi barci.

Uwargida, buri abu ne mai kyau. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Me ya kai littafin nan har can? Abin da ta sani ta rubuta: zaman kishi, da sakaci irin na maigida, da wahalar matar da aka kora da 'ya'ya.

To amma fa buri yakan ja mutum ga son a san shi da wuri. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu kan littattafan soyayya na Kano, inda masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta musayar ra'ayi. Cikin abin da aka zargi wasu marubuta da shi har da kwaso labarin finafinan Indiya a canja sunaye kawai.

Wata za ta ce, to ai Abubakar Imam ma aro ya yi. Gaskiya ne. Da zai rubuta Magana Jari Ce a Zariya, wanda ya fara fitowa a 1937, Rupert East ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa. Sai dai Imam narkar da su ya yi, ya sa musu rigar Hausa da hikimarsa, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa da kansa a tarihin rayuwarsa. Wanda ya ɗauki gero ya surfa, ya daka, ya dama fura, ya yi aiki. Wanda ya ɗauke ƙwaryar furar maƙwabciya ya ce tasa ce, sunansa ɓarawo.

Yau kuwa satar ta fi sauƙi. Baiwar Allah za ta yi wata da watanni tana rubutu, ta tura a WhatsApp, wata ta goge sunanta ta sa nata, har ta karɓi kuɗi. Wannan haƙƙi ne, 'yar uwa, kuma Allah ba ya barin haƙƙin wani a kan wani.

Saboda haka ki adana rubutunki na farko da kwanan wata, ki sa sunanki a kowane babi. In kin ari labari, ki faɗi inda kika samo shi. In kina son suna, BBC Hausa ta buɗe wa mata gasar Hikayata tun 2016, kuma labarinki na kanki ake nema. Hirar da kike ji a gidan suna, da ta matan da mazajensu suka tafi cin rani, babu fim ɗin Indiyan da ya san ta. Ke kika san ta.

Sai wani makon in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.