Abin Da Rajistar Ƙaramar Makaranta Ke Faɗa

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu malamai da suka sha wahalarmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan abin da ya shafi aikina. To, ni aikina ƙididdiga ne a sashen tsare-tsare na ma'aikatar ilimi, wato tattara yawan ɗalibai da malamai da azuzuwa da ake yi kowace shekara. Sai na ga ya fi kyau in bar manyan makarantun birni, in yi magana a kan 'yar ƙaramar firamaren ƙauye, irin wadda da yawa daga cikinmu muka fito kafin mu zo wannan sakandare tamu, kuma irin wadda har gobe daga cikinta ake sa ran samun 'yan aji ɗaya.

Tarihin waɗannan makarantu ba ɓoyayye ba ne. Da yawansu an buɗe su ne lokacin shirin ilimin firamare kyauta, UPE, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba 1976. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana, domin babu takardar haihuwa, manya da ƙanana duk aka kwaso. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin yadda ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓa kunne, in ya taɓa an ɗauke shi. Daga baya aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004, ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas ne.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, Malamin lissafi ya gyara mini in na kauce. A ce makaranta tana da yara 60. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A takarda ke nan malamai biyu sun ishe ta. Amma azuzuwa shida ne, kuma ɗaya daga cikin malaman nan biyu shi ne hedimasta, wanda kowane lokaci ana iya kiransa ofishin sakataren ilimi. Ran da ya tafi, mutum ɗaya ne zai riƙe aji ɗaya zuwa shida. Wanda ke zaune a hedikwata yana duba jadawali zai ce wannan makaranta ba ta da matsalar malamai, har ma ya ce ta fi ta birni gata. Lissafinsa daidai ne, amma yaro ɗan aji huɗu yana nan bai iya haɗa baƙi ba.

Haka kuma a ƙaramar makaranta abu kaɗan ke girgiza adadi. In ruga ɗaya ta tashi da yara tara, makarantar mai yara 60 ta yi asarar kashi 15 cikin ɗari a dare guda. A makaranta mai yara 1,200, tafiyar yara tara ko kashi ɗaya ba ta kai ba, babu ma wanda zai lura. Shi ya sa ba na yarda a yanke wa ƙaramar makaranta hukunci da ƙidayar shekara ɗaya. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989 saboda irin waɗannan yara, amma da yawansu makarantar ƙauyen da ke kusa da su suke shiga, su fita lokacin da dabbobi suka nemi ruwa.

Sannan sunan da ke cikin rajista daban, yaron da ke kan benci daban. Ka je ranar kasuwa, ko lokacin shuka da girbi, ka ƙirga kawuna ka gwada da littafi. Da aka fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, rajistoci sun cika a wurare da yawa; wasu yaran sabbi ne na gaskiya, kuma wannan abin farin ciki ne, wasu kuwa kwano ne ya kawo su, da an sauke tukunya sai gida. Akwai kuma waɗanda ba sa cikin littafin sam, kamar almajiran tsangayar da ke bayan katangar makarantar, alhali 'yan garin ne ko baƙin garin.

Inda abin ya fi damuna shi ne 'yan mata. A aji ɗaya za ka tarar da su kusan kai ɗaya da maza. Ka riƙa buɗa shafi kana hawa sama, sai ka ga suna raguwa, talla ta ɗauki wasu, aikin gida ya ɗauki wasu, aure ya ɗauki wasu. A ce aji shida yara takwas ne, uku mata. Aka cire biyu. Wadda ta rage ita kaɗai ce za ta riƙa taka doguwar hanya zuwa ƙaramar sakandare, kuma ba kowane uba ne zai yarda ba, musamman bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021. Ni ban ga laifin uban da ya ji tsoro ba. Amma sakamakon shi ne ƙauye guda ya shekara bai aiko mana da yarinya ko ɗaya ba.

Idan adadi ya yi ta sauka, maganar da ke biyowa baya ita ce a haɗe makarantar da ta wani gari. A takarda tsimi ne. A ƙasa kuwa, yaro ɗan shekara shida ba zai iya tafiyar da ɗan shekara goma sha biyu ke yi ba, kuma rafin da ke tsakani ba ya cikin jadawali.

Saboda haka ga roƙona ga wannan ƙungiya. Mun saba taimakonmu ya tsaya a fenti da kujeru na makarantarmu, kuma Allah Ya saka wa masu bayarwa. Ina ba da shawara kowane rukunin shekara ya ɗauki firamare ɗaya daga cikin ƙananan da ke kawo mana ɗalibai. A je sau ɗaya kowane zango, ba tare da an sanar ba, a gaisa da dagaci da hedimasta, a zauna da kwamitin kula da makaranta, a rubuta yawan yara aji-aji, maza da mata, na littafi da na kan benci. A karɓi sunayen 'yan aji shida, in sabuwar shekarar karatu ta kama a bincika wa ya iso sakandare, wa ya maƙale, kuma me ya riƙe shi. Sau da yawa kuɗin yunifom ne ko keke, abin da bai fi ƙarfin aljihunmu ba. Zan ba sakatare samfurin takardar ƙidayar kafin mu tashi, mai so ya karɓa a wurinsa.