Jawabi ga mazauna New Bell kan maƙoƙo da sakamakon gwajin allura



Yau maganarmu a kan kullutun da ke fitowa a gaban wuya ce, wato a jikin tayrod, 'yar tsokar nan da ke ƙasan maƙogwaro. Ya fi kama mata. A cikin irin wannan kullutu goma, kusan tara ba ciwon daji ba ne, amma ido da hannu ba sa iya tantancewa. Shi ya sa a manyan asibitocin Duwala, kamar Laquintinie da Hôpital Général, likita ke fara ɗaukar hoton ekogirafi, in ya ga dalili ya sa siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba.

Sakamakon hawa 6 ne, ana kiran tsarin Bethesda. Wanda ya fi rikita mutane shi ne na 3. In takardarki ta ce "Bethesda III", mai dubawa ya ga ƙwayoyin nama da kamanninsu ya ɗan sauya, sauyin bai kai a kira shi daji ba, bai kuma yi daidai da lafiyayye ba. Mafi yawan masu wannan sakamako daga baya akan gano ba daji ba ne. Sai dai akwai kaɗan da shi ne, kuma dajin tayrod yana cikin waɗanda ake warkewa in an kama da wuri. Yawanci likita zai ce a sake allurar bayan wani lokaci, wani sa'in kuma a cire rabin tsokar a bincika. Abin da ke damunmu shi ne wadda za ta ji "ba a tabbatar ba", ta ninke takarda ta jefa a akwati. Wata kuma a kai ta gun wanzami a yi tsaga. Tsaga ba ta kaiwa inda kullutun yake, sai tabo da ƙwayar cuta.

Kamaru ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1991. Ku duba kalmar "iodé" a jikin leda, ku rufe gishirin nesa da murhu. Yana kare yara daga maƙoƙo, amma ba ya narkar da kullutun da ya riga ya fito.

In murya ta dishe ta ƙi komawa, ko haɗiya da numfashi sun yi wuya, ko kumburin na girma da sauri, kada a jira ranar da aka ba ku. Ku zo mana da katin gudun hijira da duk takardun asibiti, har tsofaffin, mu karanta Faransancin tare.

Allah ya ƙara mana lafiya.