Jirgin Ƙasa da Birnin Caca: Batun Las Vegas

Las Vegas, birnin da ya yi suna a duniya wajen caca da yawon shaƙatawa, ɗan jirgin ƙasa ne. A shekarar 1905 kamfanin da ya shimfiɗa dogo daga Los Angeles zuwa Salt Lake City ya yi gwanjon filaye a gefen tasharsa, domin akwai ruwa a wurin, jiragen lokacin kuwa da tururi suke tafiya. Caca daga baya ta zo, watau a 1931, sa'ad da jihar Nevada ta halatta ta.

To, amma garin da dogo ya haifa ya wayi gari ba jirgin fasinja. Na ƙarshe, wanda kamfanin Amtrak ya raɗa wa suna Desert Wind, ya daina tafiya a 1997. Dalili bai ɓuya ba. Dogon na kamfanin dakon kaya ne, jirgin fasinja baƙo ne a kansa, yakan ci kusan awa 7 daga Los Angeles, alhali mai mota yakan isa cikin awa 4 ko 5. Kafin ya mutu ma sau uku kaɗai yake tashi a mako. Mai gaggawar kai kuɗinsa teburin caca ba zai jira wannan ba.

A watan Afrilu na 2024 kamfanin Brightline West ya yi bikin soma aikin sabon dogo mai tsawon mil 218, na jirgi mai gudun tsiya da ke aiki da lantarki. Yawancinsa zai bi tsakiyar babbar hanyar mota, dabarar da ta rage wahalar sayen filaye da biyan diyya. Gwamnatin tarayya ta ware masa dala miliyan dubu 3 a 2023.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Dogon ba zai shiga Los Angeles ba, zai tsaya a Rancho Cucamonga, wajen mil 40 gabas da tsakiyar birnin. Ke nan sai matafiyi ya fara hawa jirgin unguwanni, ko ya tuƙa motarsa ya ajiye. Wanda kuwa ya riga ya ɗora iyali da kaya a mota, ya kuma fita daga cunkoso, da wuya ya sauka. Har ila yau, cinikin na ƙarshen mako ne: ran Juma'a a cika maƙil zuwa, ran Lahadi a cika dawowa, sauran kwanaki kujeru su yi ta hamma, ruwan bashi kuwa ba ya hutu.

An taɓa gwada irin wannan a Atlantic City, ɗaya birnin cacar, can gabashin Amurka. Amtrak ya mayar da jirgi a 1989, amma gidajen caca suna kwaso mutane a bas da araha, har da kyautar kuɗin fara wasa. A 1995 Amtrak ya janye. Jirgin da ya saura a wannan dogo na jihar New Jersey ne, mai tsayawa a ƙananan garuruwa yana ɗaukar ma'aikata.